Hattara da masu cewa za su goge muku bashi daga BVN

Jama'a, ku saurara, domin abin nan ya faru a gidanmu ne, ba labarin kanzon kurege ba. Ƙanina tela ne, yana da kekuna uku da yara biyu masu koyo. Ya ci bashin banki ya sayi keken surfani, kasuwa ta ƙi, sai ya shiga cin bashi a manhajojin waya yana biyan wani da wani. Kafin mu ankara har surukarsa an aika wa saƙo an ce ɓarawo ne. Mutumin da ba ya barci, wanda ko waya ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi, shi ne ya ci karo da talla a Facebook: wai lauyoyi ne masu fitar da mutum daga bashi cikin kwana bakwai.

Wanda ya amsa masa a WhatsApp ya kira kansa Barista. Hausarsa tsaf, da sallama da addu'a. Ya ce masa: "Malam, kwantar da hankalinka, za mu kai ka kotu a rubuta ka a matsayin wanda arzikinsa ya karye, daga nan ko sisi ba mai binka." Kuɗin fom dubu 15. Bayan kwana biyu, kuɗin kotu dubu 60. Ƙanina ya sayar da keke ɗaya ya tura, a asusun wani mutum daban, ba na kamfani ba. Sai ga takarda ta zo ta waya, da hoton tambarin Najeriya da jan hatimi. Na gan ta da idona. Babu lambar shari'a, babu sunan alƙali, sunan kotun ma an rubuta shi da kuskure.

Abin da ya fi min ciwo shi ne na ƙarshe. Suka ce don a kammala gogewar sai ya ba su BVN, wato lambar tantancewa ta banki, da lambobin jikin katinsa na banki, da lambar da za ta shigo masa ta saƙo. Ya karanta musu ita da bakinsa. A daren suka kwashe kuɗin ɗinkin sallah da mutane suka ba shi kafin alƙalami, Barista kuma ya toshe shi. Tsohon bashin yana nan daram.

To bari in faɗa muku abin da na tarar da na bi diddigi, har na zauna da lauya na gaske a ofishinsa. Dokar karayar arziki tana nan a Najeriya tun 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a. Amma ba ruwan wanke bashi ba ce. Idan kotu ta ayyana mutum a haka, dukiyarsa ake danƙa wa wani amintacce ya sayar a raba wa masu bin sa. Har kotu ta sallame shi, ba zai riƙe muƙamin darakta a kamfani ba, kuma tsarin mulkin 1999 ya hana shi tsayawa takarar majalisa ko gwamna. Shari'a ce mai tsawo, da zama a gaban alƙali. Wa ya taɓa ganin an yanke hukunci a WhatsApp? Ko a fiƙihunmu, wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa alƙali ne ke hana shi taɓa ta, a raba wa masu haƙƙi.

Ita kuwa BVN lambar shaida ce kawai, ba allo ba ce da za a wanke. Tarihin bashin mutum yana wurin wanda ya ba shi, da kuma kamfanonin adana bayanan bashi da Babban Banki ya ba lasisi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Kana da damar neman rahotonka a wurinsu, idan an rubuta maka bashin da ba ka ci ba ka nemi a gyara. Wanda ka ci kuwa, mai shi ne kaɗai zai sassauta maka ko ya yafe. Tun watan Agusta na 2020 ma akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusunka da ke wani banki. Masu bashin korona su kula sosai, domin su ma ana bin su da wannan ƙaryar, wai gwamnati ta yafe, a kawo kuɗin cike fom.

Da tsoro suke kama mutane, shi ya sa nake son ku riƙe wannan: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya kasa biyan bashi, matuƙar babu zamba a ciki. Ba a kama uwa ko mata a madadinsa. Manhajar da ke zagin mutum tana tona masa asiri a wurin dangi, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ke karɓar ƙorafi a kanta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a da ke jiharsa.

Mu dai daga baya na riƙe hannun ƙanina muka je bankin da ƙafarmu. Aka toshe katin, muka kai rahoto wurin hukuma, muka zauna da jami'in bashi kusan awa biyu. Ya yarda aka shimfiɗa biyan zuwa wata goma sha takwas, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Ko kwabo ba mu biya don wannan zaman ba. Keken da aka sayar bai dawo ba, kuma jiya da na duba, tallar tana nan da sabon suna da sabuwar lambar waya.