Mayen ƙarfen nan mai sheƙi, wata 4 kenan ina aiki da shi

Ni dai gyaran waya nake a nan Garwa, kuma duk ɗan sana'armu ya san masifar ƙananan sukurori, ka kwance waya ka jera su a tebur, fanka ta kaɗa ko wani ya jingina, shikenan sai rarrafe a ƙasa da tocila. To shi ya sa da wani mai kawo kaya daga Duwala ya nuna min wannan maganaɗisu da ake ce wa neodiyam ban yi ta ciniki ba, na ɗauki guda 10 a jaka 6. Ko faɗin kwandalar dala ashirin ba su kai ba. A jikin ledar an rubuta N52, lambobin nasu yawanci daga N35 ake farawa, yawan lamba yawan ƙarfi.

Ƙarfi kam wallahi akwai. Baƙin mayen ƙarfen da muke cirewa a tsohuwar sifika muna yara, wasa ne a gaban wannan. Na manna ɗaya a ƙasan farantin da nake zuba sukurori, ko kife shi na yi ba abin da ke faɗuwa, in na goga a bakin sukundireba kuma sai ta riƙa ɗauko sukuru da kanta. Ashe ma kullum muna tare da shi, shi ne a cikin sifikar waya da abin sauraro na kunne da hadis, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta. Haɗin neodiyam ne da ƙarfe da boron, kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka suka fito da shi a 1984, yanzu kuwa yawanci daga Sin ake yin sa.

Amma fa ƙarfin nan a ja kawai yake, jikinsa kamar tangaran. Ranar farko biyu suka fizgi juna da tsokar yatsana a tsakani, sai da jini ya kwanta, kuma gefen ɗaya ya ɓalle. Wannan sheƙin fentin nikel ne kawai, da damina ta shigo inda ya ɓallen nan ya fara tsatsa yana zama gari. In za ku raba su kar ku ja, ku zame ɗaya gefe.

Sai zafi. Na bar ɗaya kusa da bakin injin iskar zafi da muke ɗaga IC (ƙwaƙwalwar cikin waya) da shi, da na dawo kansa ya yi sanyin jiki, da ƙyar yake riƙe makulli, kuma har yau bai dawo ba. Irin na gama-gari daga digiri 80 yake fara lalacewa. Zafin Garwa na watan Afrilu dai bai kai nan ba, duk da mu muna ganin ya wuce.

Abin dariya, wata Hajiya maƙwabciyarmu ta ji labari ta aiko da 'yan kunnenta wai a gwada ko zinari ne. Guda biyu suka manne caf, na ce Hajiya sai haƙuri, waɗannan akwai ƙarfe a ciki. Sauran ba su manne ba ta fara murna, na ce a'a tsaya, tagulla ma mayen ƙarfe ba ya kama ta, ki kai wa maƙeran zinari su duba.

Wanda ya fi damuna shi ne yara, saboda abin kamar alawa yake a ido, kuma in yaro ya haɗiye biyu suna iya kamo juna ta cikin hanji su huda shi, sai tiyata. Don haka ban taɓa kai ko ɗaya gida ba. Haka mai na'urar bugun zuciya kar ya sa shi a aljihun gaba.

Saura 8 masu lafiya a hannuna. Zan ƙara saya, amma wannan karon masu rami a tsakiya nake so, in ɗaure su da sukuru a bango in rataye kayan aiki.