Bakin titi, bayan gari ko tsohuwar unguwa: ina za a kama wa Baba gida?

Idan za mu saya wa tsoho gida ko mu kama masa haya, ɗakuna muke ƙirgawa. Amma mai shekara 70 abin da ke ƙofar gidan ne zai fi taɓa lafiyarsa.

Gidan bakin babban titi yana da daɗin sha'ani: asibiti kusa, kantin magani kusa, abin hawa ba ya yankewa. Sai dai hayaƙin motoci na ɗauke da ƙura mai laushin gaske da ake kira PM2.5, wadda ke ratsa huhu har ta kai jini, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya shi ta fi cutarwa. Ga ƙara da dare. A 2018 reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar kada hayaniyar motoci ta wuce desibel 45 (ma'aunin ƙarfin ƙara) da daddare. Sannan tsallaka titi. Danjoji da yawa an saita su ne kan mai tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa, tsofaffi da dama kuwa ba sa kai haka. Na taɓa ganin wata tsohuwa da sandarta ta kai tsakiyar kwalta, danja ta saki motoci, ta tsaya cik tana waige-waige.

Bayan gari akwai iska da shiru da fili. Matsalarsa komai sai da mota. Ranar da ido ya yi rauni aka ajiye tuƙi, shi ke nan an zama ɗan zaman ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsoho ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma mafi sauƙin hanyar samun hakan ita ce a sami inda za a taka a je. Kaɗaici ma na kisa. A zafin da aka yi a birnin Chicago na Amurka a 1995, mutum fiye da 700 suka mutu, da yawansu tsofaffi ne masu zama su kaɗai, ba mai leƙa su.

Tsohuwar unguwa ta fi su a nan, don idan Baba bai fito da safe ba, wani zai ƙwanƙwasa ƙofa. Amma a duba ƙasa: ramuka, buɗaɗɗiyar kwata, lungu mara fitila. Wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura 65 sukan faɗi duk shekara, karayar ƙugu kuwa ba kowane tsoho ke tashi daga ita ba.

Ni dai da za a bi tawa, layi na biyu ko na uku a bayan babban titi, cikin unguwar da aka san shi, kuma ɗakin ƙasa. Bene kam a manta da shi, komai kyan fentinsa.

Kafin a biya kuɗi, a je da tsakar rana, a koma bayan duhu ya yi. A taka da shi zuwa kantin magani mafi kusa, a lura sau nawa ya tsaya, da ko akwai inuwa ko benci a inda ya tsaya ɗin.