Famfon taya na lantarki: ya cece ni a Gadabeji, ya kunyata ni a hanyar dawowa

Saboda tafiyar Gadabeji, gandun namun dajin da ke arewa da Dakoro a jihar Maradi ta Nijar, na sayi famfon nan. Ƙaramin nan ne mai baƙar jaka da ake soka wa a ramin kunna sigari na mota, kun san shi, kun san kuɗinsa a Maradi. Mai shagon har da rantsuwa wai taya huɗu zai cika ba hutawa. To.

Da muka bar Dakoro muka yi arewa, rairayi ya fara kama Hilux ɗin. Na sauka na rage iska daga kilo 2.4 zuwa 1.3, don taya ta baje ta daina haƙa rami. Agogon jikinsa na yi awon da shi, kuma bai yi mini ƙarya ba. Da yamma muka kafa tanti gindin wata aduwa, aka ɗora shayi, sanyin hunturu na shiga ƙashi. Mun zo ne ganin raƙuman dawan da aka kawo daga Kure, kusa da Yamai, a 2018, jagoranmu ya ce sai da sassafe.

Asuba na leƙo, tayar baya ta kwanta. Ƙaya. Ni da ƙanena muka toshe hudar da igiyar faci, na kunna ɗan famfon nan ina ta addu'a. Yana kuka kamar injin markaɗe, yana tsalle a kan yashi, amma kafin shayi ya tafasa taya ta tashi. Wallahi a lokacin ko ninki biyu aka ce in biya zan biya. Har hoto na ɗauke shi.

Wajen dawowa ne ya nuna halinsa. Dab da Dakoro na tsaya in mayar da iska kafin mu hau kwalta. Taya ta farko lafiya. Ta biyu ko rabi ba ta kai ba fis ya ƙone. Na sa wani, ya ci gaba, sai bakin tiyon ya yi zafin da ya ƙona mini yatsa, robar ta saki ta fice fit! Ƙanena ya ce, "Yaya, ina rantsuwar mai shago?" Ban kula shi ba.

Af, ga wayarsa gajeriya, sai na zuro ta ta tagar baya kafin ta kai tayar ƙarshe. Jakar kuwa karangiya ta manne ta ko'ina, har yau ban gama cirewa ba.

Haka muka lallaɓa da tayoyi uku a saɓule har wurin mai faci, ya dubi famfon ya ce na babur ne. Yanzu nakan jira ya huce bayan kowace taya, ina kuma neman mai kama batir kai tsaye. Mai shagon ya ce in kawo rasit, shi da bai taɓa ba ni ba.