Had-disk na waje mai 1TB: diskin lafiya lau, kebul ɗinsa ne matsala

Masu aikin bidiyon biki irina, wannan had-disk da ya cika shagunan kasuwar Wunti ta Bauchi yana da sauri, ba ya zafi, kuɗinsa kuma kun sani. Amma siririn kebul ɗin da ke cikin kwalinsa, ku yar da shi tun a shagon.

Bidiyon kamu da na dina na wata amarya ne a ciki, ko tacewa ban fara ba. Ina jona shi a laftof sai saƙo ya fito wai sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Iyakar bayanin ke nan. Bai ce kebul ba ne, bai ce wuta ce ta gaza ba, bai ce diskin ya mutu ba, ga maɓallin fomat, mai goge duk abin da ke ciki, a gabana yana jiran yatsa. Wallahi nan take gumi ya keto mini. Mai shagon kuwa cewa ya yi, "Alhaji, kayan lantarki sai haƙuri, danna fomat ɗin kawai."

Wani yaro mai gyara ne ya cece ni. Ya tayar da laftof ɗin da filash mai Linux, ya buga dmesg, umarnin da ke nuna abin da ke faruwa da na'urorin da aka jona, sai ga layi bayan layi: diskin ya haɗu, ya yanke, ya sake haɗuwa. Ya ce, "Yallaɓai, wuta ce ba ta isarsa." Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, ga kebul kamar tsinke yana cinye sauran. Ya sa kebul mai kauri a shuɗin ramin, wato na 3.0, yankewar ta tsaya. Duk da haka bai buɗe ba, don katsewar ta ɓata sashen farko na NTFS, wato tsarin da diskin ke jera fayiloli da shi. Da TestDisk, manhajar kyauta, ya ɗauko kwafin da NTFS ke ajiyewa a ƙarshen diskin ya mayar. Fayil ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Da tauraro huɗu na yi niyya, tunda diskin bai ci amanata ba. Sai na tuna takardar cikin kwalin ko kalma ɗaya ba ta faɗa kan wuta ba, kuɗin sabon kebul da na gyara daga aljihuna suka fita, uwar amarya kuma har gida ta aiko a tambaye ni. Biyu ya ishe shi.