Wata Uku da Masu Gyaran Tsarin Aiki a Shagonmu na Singa

Tun 2009 nake sayar da kayan masarufi a kan sari a kasuwar Singa da ke Kano: taliya, sukari, man girki, madara da sabulu. Muna da shago a cikin kasuwa, da sito a Sharaɗa, da a-kori-kura biyu, da ma'aikata goma sha huɗu. Maƙwabta a layinmu sun sha tambayata game da matasan nan uku masu ba da shawara kan tsarin aiki da suka yi wata uku suna shiga da fita wurinmu a 2024, ko kuɗin da na biya su ya haifar da ɗa mai ido. Ga abin da na gani da idona.

Duk ɗan kasuwa ya san abin da 2023 ta yi mana. A ƙarshen 2022 aka sauya fasalin naira, farkon 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, a watan Yuni darajar naira ta faɗi warwas. Sai ka ba babban dila kaya bashin mako uku, ranar da ya biya ka kuɗin ba za su sake sayo maka adadin katan ɗin da ka ba shi ba. Na yanke shawarar rage bashin manyan diloli, mu koma ga 'yan tireda na unguwanni da garuruwan kusa, irin su Wudil, Bichi, Gezawa da Kura, mu kai musu kaya har ƙofar shago su biya nan take. Na tara yara na faɗa musu, kowa ya ce to. Bayan wata takwas na buɗe littafin bashi na tarar ya ƙara kauri.

A nan ne wani aminina ya haɗa ni da wannan ƙaramin kamfani mai ba da shawara kan tsarin gudanar da kasuwanci. Shugabarsu mace ce da ta karanci akanta, sai maza biyu. Na ɗauka kwamfuta za su fara kawo mini. Mako uku na farko kuwa ba su kawo komai ba sai littafi da biro, kuma a wurina wannan zaman shi ne mafi daraja a duk aikinsu.

Wata Talata na je sito na same ta zaune a kan benci a bakin ƙofa tun ƙarfe takwas, tana rubuta lokacin da kowace oda ta shigo da lokacin da kayan suka fita. Akwai wani ɗan tireda daga Gezawa da ya zo ɗaukar katan goma sha biyu. Tun ƙarfe goma yake tsaye, bai tafi ba sai bayan azahar. Dalili biyu ne. Kaya ba sa fita sai da sa hannuna, ni kuma ina can kasuwa. 'Yan dako kuma kan katan ake biyansu, don haka duk sun rufu a kan lodin wata babbar mota. Da yamma ta miƙo mini takardar ta ce, "Alhaji, bakinka yana kiran ƙananan 'yan kasuwa, amma kamashon da kake ba yaranka manyan diloli yake kira." Gaskiyarta. Kamasho a wurinmu kan kayan da suka fita ake lissafa shi, ko an biya ko ba a biya ba. Wane yaro ne zai bar dila mai ɗaukar katan ɗari biyar bashi ya tsaya wa mai katan goma da kuɗi a hannu? Ni na kafa wannan ƙa'ida shekaru da suka wuce, lokacin da ta dace da yadda muke ciniki, na sauya alƙibla na bar ta yadda take.

Gyaran da suka kawo ba shi da yawa. Kamasho ya koma kan kuɗin da suka shigo asusu. Mai kula da sito ya samu ikon sakin kaya har katan hamsin ba tare da jirana ba. Farashi ya zama ɗaya, ana tura shi ga kowa ta WhatsApp kafin a buɗe shago, don a da yaron shago da direba kan faɗi farashi daban-daban a rana guda. Motoci suka samu ranaku: Litinin hanyar Wudil, Laraba Bichi, haka dai. Kowace Alhamis bayan la'asar muna zama na rabin awa mu duba abu uku kawai: bashin da ke waje, kayan da suka yanke, da odar da ta makara. Sai da wannan ya zauna sannan suka sa mana manhajar lissafin kaya.

Akwai inda suka ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Ɗaya daga cikin mazan ya ƙirga kaya ya ga katan bakwai na madara sun yi ƙasa, sai ya tuhumi dattijon da ke riƙe da sito a gaban yara. Mutumin nan tun ranar da na buɗe shago yake tare da ni. Bai ce masa uffan ba, ya shiga ciki ya ɗauko wani tsohon littafi ya buɗe: katan bakwai ɗin ruwa ne ya taɓa su da damina, an ware su za a mayar wa kamfani. Na kira yaron gefe na ce masa, "Malam, wannan sa'an mahaifinka ne. In kana da tambaya, ka same shi shi kaɗai ka ce Baba, yaya aka yi." Ya ba da haƙuri, amma sai da aka yi mako biyu kafin Baba ya sake sakin jiki da su.

Haka batun bashi. Sun kawo jerin sunayen waɗanda za a yanke wa bashi, a ciki har da mutanen da suka yi ciniki da mahaifina. Lissafinsu daidai ne, sai dai irin wannan mu'amala ba a yanke ta da takarda. Ni na je wurin kowannensu da ƙafata, muka daidaita a kan kwana bakwai maimakon mako uku. Rahotonsu na ƙarshe kuma da Turanci suka rubuta shi, shafi kusan sittin, alhali mafi yawan waɗanda za su yi aiki da shi da Hausa suke karatu. Sai da na matsa suka fitar da shafi biyu da Hausa, muka manna a bangon sito. Manhajar ma sai da intanet take aiki, sabis kuma a cikin sitonmu ba shi da ƙarfi. Horon kwana biyu da suka yi wa akawuna ya yi kaɗan, kuma bayan kwangila ta ƙare sai ka kira sau uku kafin a zo.

Kuɗinsu ba kaɗan ba ne, sau uku na biya, kuma na ji a jikina. Amma yau bashin da ke waje bai kai rabin na da ba, ɗan tireda kuma ba ya wuce rabin awa a bakin sito. Yaro ɗaya ya ajiye aiki saboda sabon tsarin kamasho, ban hana shi ba.

Mai shago ɗaya da yara biyu ba ya buƙatarsu, idonsa ya isa. Wanda yake da sito daban da shago daban, da motoci a hanya, wanda ya sauya shawara a ransa amma yake ganin aiki na tafiya a tsohuwar hanya, shi zan ce ya neme su. Ya sa a cikin yarjejeniya cewa za a rubuta komai da Hausa, za a yi horo na aƙalla mako guda, kuma za su riƙa dawowa sau ɗaya a wata har wata shida. Bayan Sallah muna shirin buɗe ƙaramin sito a Wudil, kuma na riga na kira shugabar tasu na faɗa mata waɗannan sharuɗɗa uku. Ta amince da biyu, muna kan magana a kan na ukun.