Kujerar inji ta roba zalla: tana kashe ƙarar "gwaf" ta tayar da mota, amma da sharaɗi

Kayan da muke dubawa shi ne kujerar inji, wato abin da ke riƙe inji a jikin mota yana shanye girgizarsa, wadda makanikai ke kira injin sit, irin ta roba zalla da ake sayarwa a madadin ta asali mai ruwa a ciki. Abin da ke kai mutum sayenta yawanci ƙara guda ce: ka murɗa makulli, inji ya kama, sai ka ji "gwaf" daga ƙarƙashin bonet, sau ɗaya tak, daga nan shiru.

Dalilin ƙarar ba boyayye ba ne. Kik, wato na'urar da ke tayar da inji, yana juya shi a kusan juyi 200 a minti, da wuta ta kama sai ya zabura ya haura dubu cikin ƙiftawar ido. Wannan fizgar tana murɗa gangar jikin injin zuwa kishiyar inda yake juyawa. Kujera mai lafiya takan shanye ta. Wadda robarta ta tsage ko ta rabu da ƙarfenta kuwa sai ta saki, ƙarfe ya doki ƙarfe.

Kada ka sayi komai sai ka gwada. Mutum ɗaya ya zauna a ciki, ya ja hambirki, ya danne birki da ƙarfi, ya sa giya a D ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya maimaita a R. Mai kallo ya tsaya a gefe, kada ya kuskura ya tsaya gaban mota. Ɗan rangaji ba laifi ba ne. In inji ya ɗaga ya wuce santimita biyu zuwa uku, ko ya dawo da bugu, to kujera ce. Sai a haska tocila: za ka ga robar ta yi tsattsagewa kamar faso, ko wani ruwa baƙi-baƙi ya zubo ya bushe a gindin kujerar, ƙura ta manne masa. A motar da injinta ke kwance a gicciye, a fara duba ƙaramar kujerar nan mai siffar ƙashi da ke riƙe inji daga ƙasa ko sama, don ita ke ɗaukar fizgar kai tsaye.

Akwai ƙararrakin da wannan kaya ba zai taɓa magancewa ba. Kik da notinsa ya kwance yana bugawa tun kafin inji ya kama. Haƙoran filawil (faifan ƙarfen da kik ke kamawa ya juya inji) da suka cinye suna yin gurza ne. Salansar da robar ratayarta ta tsinke, girgiza ta da hannu bayan ta huce, za ta tona kanta. A gwada batir ma: kusan volt 12.6 a zaune, kada ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin kik.

To, ya kayan yake a aiki? Bugun yana ɗaukewa nan take, kuma babu ruwan da zai yoyo daga baya, wannan alheri ne na gaske. Inda ya gaza shi ne lokacin da mota ke tsaye inji na aiki. Kujerar asali mai ruwa tana da ɗakuna biyu da ruwa ke ratsawa tsakaninsu ta siririyar kafa, wannan ne ke cinye karkarwa. Inji mai silinda huɗu a juyi 750 yana bugawa sau 25 a daƙiƙa, roba zalla kuma tana miƙa kaso mai yawa na wannan zuwa jikin mota. Za ka ji shi a sitiyari, ka ga madubi na rawa, musamman in giya na D kuma an kunna esi. Ga motar da kujerarta ta asali roba ce dama, babu asarar komai. Ga wadda ta zo da mai ruwa, an rage mata daɗi. In kuwa kujerar tana da tiyon iska ko waya a jikinta, kamar wasu Honda masu silinda shida, ba mu ba da shawarar wannan madadin ba sam.

Ingancin ƙira ma ya bambanta ƙwarai. Ajiye sabuwa kusa da tsohuwa, ka gwada ramukan noti da kaurin ƙarfe. Sabuwar za ta ɗan fi tsayi tunda tsohuwar ta lotsa, amma ramin da ya kauce ko robar da ke ɓanɓarowa daga ƙarfe a gefe, mayar da ita.

Ɗaurawa ce ke kashe kujeru da yawa tun suna sababbi. A tallafi inji da jak, a sa katako mai faɗi tsakaninsa da kaskon baƙin mai, a ɗaga kaɗan iya yadda nauyi zai sauka daga kujerar. A fara ɗaura dukkan notuna da hannu, a sauke inji ya zauna da nauyinsa, sannan a tamke su daidai ma'aunin da littafin motar ya faɗa. Wanda ya tamke inji na rataye ya bar robar a murɗe, ba za ta yi ƙarko ba. In kuma baƙin mai na ɗiga a kanta daga murfin saman inji, a toshe yoyon tukuna, domin mai yana jiƙa robar har ta kumbura ta yi laushi.