Ƙamus ɗin da ke nuna maka abin da zai biyo bayan aikatau

Duk mai koyon Turanci ya san wannan tuntuɓe. Ka san kalma, ka san ma'anarta, amma da ka zo haɗa jimla sai ka tsaya cak: "enjoy to read" ne ko "enjoy reading"? Ni dai a aikina na koyarwa ban ga abin da ke raba wannan gardama da sauri kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary ba, na takarda ko shafinsa na intanet.

Asalinsa ma daga aji ya fito. A. S. Hornby, wanda ya jagoranci rubuta shi, malamin Turanci ne a Japan, a can aka fara buga ƙamus ɗin a 1942, sannan madaba'ar jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Tun farko an yi shi ne don wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, shi ya sa bai tsaya kan ma'ana kaɗai ba.

Buɗe "avoid" ka gani. Ga ma'ana, ga kuma tsarin jimlar da rubutu mai kauri, "avoid doing something", da misali a gefe. Ka koma "decide", sai ka tarar da "decide to do something". Magana ta ƙare.

Inda ya fi burge ni shi ne aikatau masu fuska biyu. "He stopped smoking" ya daina shan taba ke nan, amma "he stopped to smoke" ya dakata ne don ya sha. "Remember to lock the door" tunatarwa ce kafin aiki, "I remember locking the door" kuwa an riga an kulle, tunawa ake yi. Haka "try", "forget" da "regret". Ƙamus ɗin kan bai wa kowane tsari misalinsa, ɗalibi ya ga bambancin da idonsa. Har "look forward to", wanda ke kayar da ƙwararru, ya nuna cewa "seeing" ke binsa, ba "see" ba.

Sai dai ba ya gaya maka dalili. Mu malamai mukan ce "to" na nuni ga abin da bai faru ba tukuna, kamar a "want", "hope" da "plan". Wannan na taimakawa, amma "suggest" da "consider" sun karya dokar, domin "-ing" suke ɗauka. Saboda haka nake sa ɗalibaina su rubuta kowane sabon aikatau tare da tsarinsa, kada su haddace shi tsirara.

Sabon shiga zai ɗan sha wahala, tunda bayanin duk da Turanci ne, ko da yake an taƙaita shi cikin sauƙaƙan kalmomi kusan 3,000. Wanda ya fara rubuta wasiƙa ko shirin jarrabawa kuwa, ina ba shi shawara ya riƙe shi hannu bibbiyu.